Jinin Mutane Amana Ne, Ummi

Morris Heights, Bronx

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yata Ummi.

Ina gaishe ki gaisuwar uwa, ina roƙon Allah Ya sauke ki Boston lafiya, Ya haɗa ki da maƙwabta na gari da malamai masu tausayi, Ya tsare ki a hanya da masauki. Zan sa miki wannan takarda a jakar hannu, ki karanta a cikin bas.

Kin san sunan mahaifiyata gare ki, kuma ke ce ta fari, don haka bakina ba ya iya yabonki ido da ido. In na buɗe baki zan ce na yi alfahari da ke, sai in ji ina tambayarki ko kin ci abinci. Shi ya sa na ɗauki biro. Na san za ki karanta Hausar a hankali kina motsa leɓe, kuma in kin kira ni da Turanci za ki ba ni amsa. Ba komai, ki dai karanta har ƙarshe.

Za ki je karatun digirin dokta, ki yi shekaru kina binciken ƙwayoyin ƙoda. Ni ban yi nisa a lakwal ba, wato makarantar boko, tun a Damagaram aka cire ni, ba abin da zan koya miki game da kwalabe da na'urori. Amma na daɗe ina zama teburi ɗaya da masu irin aikinki, a ɓangaren mutanen gari, kuma na yi tuntuɓe a wurin ba sau ɗaya ba. Wasu kin gani da idonki kina yarinya, wasu ba ki san yadda suka faru ba. Zan faɗa miki su domin ki san irin mutanen da wata rana za ki je neman jininsu.

Kina sakandare ciwon babanki ya tashi. Kin tuna yadda ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya daina shiga, ya ajiye tasi, likita ya ce ƙodojin duka biyu sun gaza, sai wankin ƙoda. Ni ga shago, ga ku, ga asibiti. A cikin wannan hali ne wata Juma'a, bayan an idar da salla, liman ya sanar cewa akwai baƙuwa da za ta yi magana da mata. Ita ce Dokta Rosa. Ta shigo da mayafi a karkace, ana ganinta an san aro ta yi. Ta ce a nan Bronx aka haife ta, kuma ita ba ta duba marasa lafiya, a ɗakin bincike take aiki. Ta ce ciwon ƙoda ya fi kama mutanen da asalinsu yammacin Afirka ne, akwai wani abu na gado a ciki, su kuma suna son gane yadda yake aiki. Abin da take nema shi ne 'yan unguwa su riƙa zama da su wata-wata, su ji abin da ake yi, su faɗi abin da ya dace da wanda bai dace ba, tun kafin a roƙi kowa jini ko fitsari.

Ban bari ta ƙarasa ba na miƙe. Na ce a inda muka fito ba a ba baƙo jini ko gashi ko fitsari, kowa ya san abin da ake yi da su. Na ce da yawa a cikinmu takardunsu ba su cika ba, wanda ya rubuta sunanka yau ba ka san wa zai ƙwanƙwasa maka ƙofa gobe ba. Sannan na ce mata, "In magani kika kawo, mijina yana gida kwance. In babu, ki bar mu da abin da ya dame mu."

Mata suka bi bayana, aka watse. Ta yi godiya ta tafi.

Juma'ar da ta biyo ta dawo. Ta sake dawowa. Ba ta kawo takardar sa hannu ba, gaisawa kawai take yi ta tafi. Wata rana ta shigo shagona ta sayi turaren wuta, na ga ba ta ma san yadda ake kunna shi ba, na nuna mata. Ta tambayi jikin babanki. A nan ta gaya mini cewa a tsibirin da iyayenta suka fito ma an taɓa yi wa mata gwajin magani ba tare da an yi musu cikakken bayani ba, don haka tsoronmu bai ba ta mamaki ba, da ita ce ma haka za ta yi. Maganar nan ce ta sassauta ni. Amma kafin nan an yi asarar watanni, kuma matan da na toshe wa kunne sai da na bi su gida-gida ina warware abin da na ƙulla.

To, Ummi, ranar da wata mace ta miƙe a taro ta kore ki, ki tuna da ni. Kada ki koma wurin abokan aikinki ki ce jahilci ne. Tsoron talaka yana da dalili ko da bai iya jera miki shi ba. Ki koma, ki sake komawa, kuma zuwan farko ki je ba takarda ba allura. Sai an san mutum ake ba shi ajiya.

Da na yarda na shiga kwamitin, sai na faɗa wani ramin. Mukan hau jirgin ƙasa lamba huɗu mu gangara Manhattan, a sa mu a ɗaki mai dogon teburi, a kawo shayi da biskit. Akwai wani fasto ɗan Ghana, akwai wata tsohuwar nas, da wasu 'yan kaɗan. Masu binciken sukan haska hotuna a bango, layuka ja da shuɗi suna hawa suna sauka, su yi ta bayani, su juyo su ce mun gane? Ni kuma in gyaɗa kai. Kunya nake ji a ce matar nan mai shago ba ta san komai ba. A zuciyata na ɗauka magani suke haɗawa a ɗakin baya, sun kusa gamawa.

Ke kika tono ni. Ranar ba makaranta, na tafi da ke. Muna dawowa a jirgi kika tambaye ni me na gane, na faɗa miki. Kika ce ba haka ba ne, Mama. Kika ce ƙwayoyin ƙoda suke tsamowa daga fitsarin mutum, su rene su a ɗan faranti, su ga me ke kashe su, kuma maganar magani ba a ma zo wurin ba. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Watanni ina cin biskit ɗin mutane ina ce musu na yarda, ban san da me na yarda ba.

Zama na gaba na ɗaga hannu na ce tun da aka fara ban fahimci komai ba. Sai faston ya yi dariya ya ce shi ma haka, yana jiran wani ya fara faɗa ne. Dokta Rosa ta rufe kwamfutarta ta ce laifinsu ne, mu tashi. Aka ba mu fararen riguna, aka kai mu inda suke aikin. Ta ce ƙoda kamar rariya take, tana tace jini, ƙwayoyin nan su ne zaren rariyar. Ta ce abin gadon da ake magana a kai, a da can kariya ce, shi ya tsare kakanninmu daga ciwon barci da ƙudan tsando ke kawowa. Wanda ya gada ta uwa da uba, rariyarsa tana iya yagewa. Amma da yawa suna ɗauke da shi har tsufa lafiya lau. Me ya sa ta wani ke yagewa ta wani ba ta yagewa, shi ne abin da suke nema, kuma ba su sani ba tukuna.

Na sa ido a madubin nan mai ƙara girma, na ga ƙwayoyin a shimfiɗe, kowace da 'yan yatsu ta riƙe 'yar'uwarta. Na yi tasbihi. Ranar ma kin bi ni, kuma da aka ba ki wuri kika ƙi tashi, har wani ɗalibi ya ja miki kujera. Na tsaya a bayanki ina kallon ƙeyarki. Tun a ranar na san inda kika dosa, kuma na ji daɗi har cikin ƙashina.

Abin da nake so ki riƙe a nan: gyaɗa kai ba yarda ba ce. Mutanenmu suna da kara, za su ce miki to don kada ki ji kunya, ko don kada su ji. In kin gama bayani, ki ce su maimaita miki da bakinsu. In abin da suka maimaita ya bambanta da naki, ke ce ba ki faɗa daidai ba, ki sake. Ki koyi faɗin aikinki yadda mai sayar da kayan miya za ta kai wa maƙwabciyarta ba tare da ya zube a hanya ba.

Daga nan aiki ya yi kyau, kuma ba zan ɓoye miki ba, ina alfahari da abin da muka yi tare da su. Mun zauna da liman a kan hukuncin ba da jini don bincike. Mun sa aka mayar da zama yamma don masu aiki. Mun ce mace ce za ta karɓi na mata, kuma ba a ɗiban jini da rana cikin azumi. Mun tambayi abin da za a yi da ragowar jinin mutum, aka tsara cewa duk ranar da ya ce a lalata nasa za a lalata. Aka cire sunaye aka sa lambobi, aka nuna mana inda ake kulle su da wanda ke riƙe da makulli. Su sun san ƙwayoyi, mu mun san unguwa, kowa ya kawo nasa.

Sai kaina ya fara girma. Na saba da kujerar har na ɗauka gadona ce. In an yi tambaya sai in ce mutanena sun ce kaza, alhali ban tambayi kowa ba sai matan da ke zama a shagona. Wata rana aka tambaye mu ko mutane za su so a sanar da su in an ga suna ɗauke da abin gadon. Na ce a'a, kada a faɗa, zai ɓata wa 'yan mata aure, a riƙa nuna gida ana cewa masu ciwon ƙoda ne. Aka bi maganata.

Da muka je yin bayani a unguwar Parkchester, wani direba, Malam Habu, ya tambaya wa ya yanke wannan. Aka nuna ni. Bai ɗaga murya ba. Ya ce ƙanensa yana wankin ƙoda, shi kuma yana shirin ba shi tasa guda ɗaya, to in shi ma yana ɗauke da abin, ashe bai kamata ya sani ba kafin a yanka shi? Ya ce, "Hajiya, tsoronki gaskiya ne, amma ba ki tambaye ni ba." Aka koma aka gyara, kowa ya zaɓa da kansa, wanda yake son sani a haɗa shi da likita a sake auna shi a yi masa bayani a keɓe.

Mutum ɗaya ba gari ba ne, ko da uwarki ce. Za ki samu mai baki irina a kowace unguwa, mai zuwa kowane zama, kuma zai yi miki sauƙi ki tsaya a kanta. Ki wuce ta. Ki nemi direbobi a inda suke cin abinci, ki nemi masu talla a bakin titi, in kin dawo gida ki hau jirgin ruwa ki je unguwar Tompkinsville ki ji na can. Wanda bai samu zuwa taro ba shi ma jininsa ja ne.

Yanzu zan zo kan wanda ya fi mini ciwo. Kin san Hajiya Ramatu, 'yar Kumasi mai sayar da wake da shinkafa kusa da masallaci. Ɗanta Nuhu, wanda yake kai kaya da keke, a wuri ɗaya suke wankin ƙoda da babanki. Saurayi ne, ko aure bai yi ba. Da lokacin karɓar jini ya zo, ina son mutane su fito da yawa don kada in ji kunya a gaban kwamiti. Dokta Rosa kuwa duk inda ta tsaya sai ta ce wannan aiki ba zai warkar da kowa a cikin ɗakin nan ba, wataƙila jikoki ne za su ci amfaninsa. Ni na ga maganar ta yi ɗaci, sai na riƙa sa mata sukari. In ina fassarawa sai in ƙara da cewa in Allah Ya yarda an kusa. Haka na faɗa wa Hajiya Ramatu, na riƙe hannunta na faɗa mata. Ta kawo Nuhu, ta kawo 'yan'uwansa, ta kawo har ƙanwarta daga wata unguwa.

Daga nan duk Juma'a sai ta tare ni a bakin ƙofa ta ce, Maman Ummi, ya maganarmu? In ce ana nan ana yi. Shekara ta zagayo, wata ta bi. Cikin sanyi, lokacin da ƙanƙara ta rufe titi, Nuhu ya rasu.

Na je gaisuwa, ɗaki cike da mata. Na durƙusa na yi mata ta'aziyya. Ta dube ni, a hankali ta ce, "Maman Ummi, ke kika ce an kusa." Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Ban san yadda na sauko daga benen nan ba. Ta daɗe ba ta amsa sallamata, kuma ban ga laifinta ba. Ban kashe mata ɗa ba, ajali ne. Amma na ba ta igiya ta riƙe alhali na san ba a ɗaure take da komai ba.

Na je na gaya wa Dokta Rosa abin da na riƙa ƙarawa a fassara. Ba ta yi mini faɗa ba, ta ce ita ma ya kamata ta sa wani ya riƙa saurare. Ta je gidan gaisuwa, ta zauna a ƙasa cikin mata. Bayan wasu watanni ta nemi liman ya ba ta lokaci, ta zo masallaci da ɗalibanta don su faɗa wa mutane abin da aka samu. Ta ce hanyar da suka daɗe suna bi ba ta ɓulle ba, ƙwayoyin ba su yi abin da suka zata ba. Abu ɗaya ƙarami suka gano, game da abin da ke tayar da ciwon in jiki ya kamu da wata cuta, kuma shi ma sai wasu sun sake gwadawa. Ni na fassara, kuma ranar ban ƙara ko gishiri ba. Na zaci mutane za su tashi. Ba wanda ya tashi. Tambayoyi suka yi ta yi har aka kira la'asar.

Hajiya Ramatu tana can baya. Da aka kusa tashi ta tambaya ko ƙwayoyin Nuhu suna nan. Dokta Rosa ta ce suna nan da rai a cikin sanyi, kuma in tana so a lalata su, gobe za a yi. Hajiya ta gyara mayafi, ta ce, "A bar shi ya yi aiki. Yana da rai ma ba ya son zama."

Ummi, kada ki taɓa yi wa mai ciwo alkawarin abin da ba ya hannunki. Aikinki irin na mai dashen giginya ne, ba lalle ki sha inuwarta ba, kuma wanda ya ba ki jininsa ya cancanci ya san haka tun farko. Ki faɗi gaskiya da ɗacinta, mutane suna iya haɗiye ta fiye da yadda kike zato. Ki kula da mai yi miki tafinta, ko da mai ƙaunarki ce. In kuma aiki ya ƙare, ko an samu ko ba a samu ba, ki koma wurin waɗanda suka ba ki ki faɗa musu. Lambar da ke jikin kwalbarki ɗan wata ne. Jinin mutane amana ne, kuma za a tambaye ki.

Babanki har yanzu yana jiran a samu ƙodar da ta dace da shi, binciken bai tashe shi daga kujerar wanki ba, kuma bai taɓa cewa ya yi nadamar ba da jininsa ba. Ba zai faɗa miki ba, amma nas-nas ɗin wurin duk sun haddace sunan makarantarki. Duk wanda aka kwantar kusa da shi sai ya ji labarin 'yarsa da za ta zama dokta ta ƙoda. Na ce masa ba irin doktar da ke duba mutane ba ce, ya ce ya sani, irin wadda ke gaya wa likitoci abin da ba su sani ba ce. Na bar shi.

Shekaranjiya Hajiya Ramatu ta shigo shago. Mun daɗe da shiryawa, amma ba ta saba zama ba. Wannan karon ta zauna. Ta ajiye kwalbar shito, yajin nan na mutanen Ghana, da ta soya miki da hannunta, ita ce na naɗe a leda cikin akwatinki, ki lura kada ta zube a kan kaya. Ta ce ta ji za ki tafi, kuma ta ji abin da za ki karanta. Ta ba ni saƙo, na yi mata alkawarin zan isar yadda ta faɗa: "Ki gaya wa yarinyar ba magani nake jira ba. Amma in ta ga wani abu a madubin nan, ko ƙanƙani ne, ta zo ta faɗa mana da bakinta. Muna nan."

Na isar.

Allah Ya yi miki albarka, Ya buɗe miki ƙirji, Ya ba ki haƙurin aikin da ba a ganin ƙarshensa da wuri. Allah Ya tsare miki imaninki da mutuncinki a garin da ba ki da kowa, Ya kare ki daga girman kai in an fara kiranki dokta. Ki riƙe salla, ki sa rigar sanyi, ki kira babanki ranakun wanki don a lokacin ya fi jin kaɗaici. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe mini. Allah Ya kai ki lafiya, Ya dawo mana da ke lafiya.

Wassalam,
Mamanki